Sumani Kadi da Sandar Hagu

"To ka ci da hagun mana. Ita ai ba ta mutu ba."

Muryar Sumani ce, kuma daga yadda ya ja maganar ka san ya daɗe yana tanadinta. Bangon da ya raba ɗakin da nake haya da ɗakin Alhaji Alidu bai kai rufin kwano ba, akwai tazarar da mage ke wucewa, don haka duk abin da aka faɗa a can kamar a kunnena aka faɗe shi. Hantsi ne, ranar wata Talata a ƙarshen daminar 1996.

"Fita," in ji Alhaji. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta fito kamar ana jan buhu a ƙasa. "Fitar mini... daga ɗaki."

"Ɗakin Baba dai. Ni da kai duk gado muka ci."

"Sumani, don girman Allah." Wannan Hajiya Sahadatu ce, matar Alhaji. "Kwana shida rabon bawan Allahn nan da loma. Taimako ka shigo yi ko kallo?"

"Kallo, Hajiya, ban ɓoye miki ba. Shekara arba'in da ɗaya ina jiran wannan sinima, ga shi ko tikiti ba a ce in yanka ba."

Sai na ji kwano ya daki bango daidai saitin kaina, miyar ayoyo ta fantsamo ta tazarar ta sauka a kan gidan saurona. Can kuma dariyar Sumani, gajeriya, ba daɗi a cikinta.

"Madalla! Da wane hannu ka yi jifan? Ka ga tana aiki. Saura kai wa baki."

Alhaji Alidu dillalin doya ne, irin waɗanda in sun yi tari a kasuwar Salaga ake ji a Kumasi. Mako uku kafin wannan rana ya yanke jiki ya faɗi a Yendi, yana tsaye ana loda masa lori. Asibiti suka yi iya yinsu, suka sallamo shi da ƙafa mai ja da hannun dama mai lilo kamar hannun rigar da aka shanya. Tun da ya dawo gida ya ƙi abinci. Ba zai ci da hagu ba, ba kuma zai yarda Hajiya ta ba shi a baki ba, wai shi ba jinjiri ba ne. Ruwa kawai, sai ɗan koko in ta matsa masa da kuka. Liman ya zo har bakin gadonsa ya ce masa larura ce, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Alhaji ya gyaɗa kai, Liman na fita ya juya wa kwanon baya. 'Yan unguwa suka ce kai, tsoron Allah irin na Alhaji sai a tona. Ni ban yarda ba. Mutumin da na sha gani yana cusa ruɓaɓɓiyar doya a tsakiyar tuli, ba tsoron Allah ne zai hana shi tuwo ba. Abin da ya hana shi yana nan zaune a tsakar gida a kan kifaffen turmi, yana goge wata sandar ƙarfe da tsumma.

Sumani Kadi ake ce masa, ƙanen Alhaji ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai tsakaninsu. Faci yake yi a tashar lori. Dogo ne ƙeƙasasshe, da tsohuwar hula mai baki wadda rana ta cinye launinta, yana tafiya yana ware ƙafa kamar mai auna fili. Ba ya ara wa kowa famfo, ba ya zuwa suna, in ka gaishe shi sai ya duba ka tukuna ya ga ko ka cancanci amsa. Ban taɓa jin wanda ya ce yana son sa ba, shi ma bai nema ba. Labarinsa shi ya ba ni da bakinsa, ni malamin makaranta da suke kira Ticha, kaɗan-kaɗan, ba don abota ba. Shaida yake nema, kamar kowane mai ƙara.

Bahago aka haife shi. Yana shekara bakwai wani dattijo daga fadar sarkin Kpembe ya zo wurin mahaifinsu, wanda fataucin goro yake yi kamar kakanninsa. Aka ce Sumani ya kawo wa baƙo ruwa, ya miƙa ƙwaryar da hagu. Dattijon bai karɓa ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dubi mai gida, ya gyara rigarsa, ya tashi. A wannan ƙasa hagu ba ta gaisuwa, ba ta miƙa abu, ba ta shiga kwano, ko hanya ba a nunawa da ita. Uban ya ce, "Alidu, ka gyara mini yaron nan." Alidu, ɗan shekara goma sha huɗu, ya kwance igiya daga huhun goro, ya ɗaure wuyan hannun ƙanensa a ƙugunsa, ya ajiye masa kwano a gaba ya ce, "Yanzu hannu ɗaya gare ka. Yunwa za ta koya maka sauran." Daga asuba zuwa kwanciya igiyar tana nan, ba a kwance ta sai zai kewaya, don ya san aikin da aka halicci hagu dominsa. Wata biyar. Har yau akwai zobe baƙi a wuyan hannun, kuma Sumani ba ya sa riga mai dogon hannu.

Yana shekara goma sha shida ya hau bayan lorin doya ya haye ruwa zuwa Yeji, bai tsaya ba sai wani garin haƙar zinariya a Kudu. A can ya ga manyan kamfani suna bin wata farar ƙwallo kamar ƙwan zabo, suna dukanta da sanduna daga wannan tudu zuwa wancan har ta faɗa ɗan rami. Rami goma sha takwas, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Golf ke nan. Kowane ɗan wasa yana da kadi, wato mai ɗaukar masa jakar sanduna, ya nemo ƙwallo in ta shiga ciyawa, ya share masa yashin da aka kwaɓa da baƙin mai a kewayen rami, don a filayen can ba a iya rainon lallausar ciyawa. Sumani ya ɗauki jaka shekara goma sha biyu kafin a yarda ya fi masu jakar iyawa.

Babu abin da ya raina kamar waɗannan masu wasan nishaɗi, manajojin banki da injiniyoyi da wani lauya mai tumbi da yake yawan kwaikwaya.

"Ticha, ka ga mai kuɗi? In ya buga ƙwallo ta shige daji, ba ya duba hannunsa, sanda yake dubawa. Sai ya juyo ya ce, Sumani, wannan sanda ta lalace ko? Ni kuwa in ce, gaskiya ne, Masta, ta lalace ƙwarai. Wata mai zuwa an kawo masa sabuwa daga Ingila, ita ma ta kai shi dajin nan dai, gindin bishiyar nan dai. Tsohuwar kuma ta zama tawa."

Haka ya haɗa jakarsa: sanda goma sha ɗaya daga fushin mutum bakwai. Wata ta yi masa gajarta, wata ta yi nauyi, wata an yi wa wuyanta walda a Suame, unguwar makanikan Kumasi. Ya naɗe mariƙinsu da robar tayar keke, wani mai gyaran takalmi ya kafa masa ƙusoshi a tafin takalmin makaranta. Da wannan kaya ya shiga sahun masu cin abinci da wasan, wajen 1978, ya yi ta bin gasa daga Accra zuwa Legas, Lome, Abijan.

Masu ganin hotonsa a jarida sau ɗaya suka ɗauka ya haye. Ga yadda abin yake. Gasa kwana huɗu ce. Bayan kwana biyu sai a tankaɗe, rabin 'yan wasa su kama hanya hannu rabbana, ba ko na mota. Waɗanda suka zo daga Turai jirgin sama ya sauke su, sandunansu goma sha huɗu 'yan uwa ɗaya, an auna su da tsawon hannunsu, ƙwallo na ɗan ƙujewa su jefar. Sumani kwana uku yake a lori da jaka a kan cinya, don in ya bari aka ɗora ta sama sai a danne ta da buhun albasa. A wata iyaka wani mai kaki ya zare sandunan ɗaya bayan ɗaya yana leƙa cikin jakar, ya zaɓi wadda ta yi masa kyau ya saƙale a hammata, ya ce su wuce. Ƙwallayensa daga tafkin filin yake tsamo su. Abokan karawarsa suna cin abinci a kan tebur mai farin ƙyalle, shi yana bayan kicin tare da kadi-kadi, suna cin dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da yajin shito. A shekara goma sha ɗaya, sau huɗu kacal ya tsallake tankaɗe. Mafi kyawunsu a Legas ne, ya zo na talatin da ɗaya, kuma sai da ya sayar da agogonsa kafin ya iso gida. Matar da ya aura a Kudu ta gaji da auren jaka, ta koma gidansu.

Ba rashin iyawa ba ne, kowa ya shaida. In ba a ƙirga, ba mai kama ƙafarsa. Amma ranar gasa, in ya matso kusa da rami mutane suka yi tsit, sai hannun daman ya ɗan yi rawa, ƙwallo ta lashi bakin rami ta wuce. Shekara da shekaru bai san sunan da zai ba wannan rawa ba.

A Bawku ya samo mata suna, a 1989. An tankaɗe shi a Lome, ya sami wani direba ɗan Salaga da zai hauro Arewa ta Togo, ya bi shi. A kasuwar Bawku, wurin wani mai gwanjo da ake kira Zuberu, tsakanin tsofaffin fitilu da kujerun yara, ya hango mariƙin sanda. Ya zaro ta. Ta ƙarfe ce mai lamba bakwai, amma fuskarta a juye take. Sandar golf gefe ɗaya take bugu, ta mai dama ba ta yi wa bahago, kuma duk yawon Sumani bai taɓa riƙe ta hagu ba, don ba mai shigo da su.

"Wannan na kashe maciji ne," in ji Zuberu da Hausarsa ta kasuwa. "Shi yana da ƙarfi. Ka buga maciji ɗaya, ya mutu."

Sumani ya tafi da ita filin da ke bayan kasuwar shanu, ya ajiye ƙwallo, ya koma ɗaya gefen nata, inda bai taɓa tsayawa ba. Ya ce mini bai ma yi niyyar bugu da ƙarfi ba. Ƙwallon ta tashi miƙe kamar an ja ta da zare, ta haye garken shanu, ta sauka inda ya kalla. Ya buga ta biyu, ta sauka kusa da ta farko har suka gaisa. Wani sai ya yi kuka ko ya yi hamdala. Shi sai ya dubi zoben da ke wuyan hannunsa. Shekararsa arba'in da ɗaya. Zuberu, da ya ga abin mamaki, ya rantse zai sa ido a kayan Lome, in 'yan uwan sandar sun ɓullo zai aiko.

Bai koma Kudu ba. Ya bar wa Zuberu tsohuwar jakarsa kaf, ya hau mota zuwa Yendi, inda ya san yayansa yana sayen doya a wannan lokaci. Ya same shi a rumfar dillalai cikin mutane, ya ajiye sandar a gabansa, ya ce, "Yaya, ga abin da ka ci mini." Alhaji ya duba sandar, ya duba takalmin mai ƙusoshi, ya ce, "Shekara ashirin da biyar ka tafi bin ƙwan zabo, abin da ka kawo ke nan? Ko akuya ba ta kai ba." Rumfa ta ɗauki dariya. Sumani ya ce bai manta fuskar ko mutum ɗaya da ya yi dariyar ba, kuma na yarda, don ya lissafa mini su.

Daga nan ya dawo gidan ubansu ya buɗe ɗakin da ke kallon na Alhaji, ya fara yaƙinsa. Tukunyarsa daban. In zai ci, sai ya fito tsakar gida ya zauna inda Alhaji zai gan shi, ya gyara zama, ya zura hagu cikin kwano. In manyan baƙi sun zo, shi ne farkon mai tarbarsu da hagu a miƙe. Alhaji ya kai ƙara wurin sarkin zango, aka ce gado gado ne, ba a korar ɗa daga gidan ubansa don ya ci tuwo. Kullum da la'asar kuma sai ya ɗauki sandarsa da ƙwallaye shida ya tafi filin da ke bayan tsofaffin rijiyoyi, ya buga su ɗaya bayan ɗaya, ya taka ya kwaso, ya sake. Na sha binsa. Ban san golf ba, amma na san kyau in na gan shi.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Salaga gari ne da ramuka suka yi wa yawa, ko'ina ka juya tsohuwar rijiya ce, amma a shekara bakwai Sumani bai taɓa haƙa ɗan rami ɗaya a filin nan ba. Nesa kawai yake bugawa, inda ba a ƙirga. Na biyu, na taɓa tambayarsa me ya sa sanda ɗaya tak, ina sauran goma sha ukun? Ya ce, "A wannan daji zan same su?" Ya tsuke fuska, kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa masu kuɗi dariya don suna ɗora wa sanda laifi, shi ma ga shi da sanda a hannu yana nuna wa duniya. Bambancin kawai, tasa hujjar ba a taɓa gwada ta ba.

A rana ta tara da ƙin cin Alhaji, ina rumfar facin da kekena sai ga Hajiya Sahadatu, ita da ba ta taka tasha. Idanunta sun faɗa. Ta tsaya a gaban Sumani.

"Baba Ƙarami, alfarma na zo nema. Ka tafi Makango wurin Awawu ka yi sati biyu." Awawu ƙanwarsu ce, tana sana'ar kifi a bakin tafki. "In ba ka gidan zai ci. Na san mijina."

"Na riga ki saninsa, Hajiya. Ni na san shi tun ba shi da gemun ɓoye mugunta."

"Jiya da zai tashi sai da ya suma. Mutuwarsa kake so?"

Sumani ya ci gaba da goga roba da fayil, ya daɗe.

"Ya mutu ya je ina? Bai isa ba. Gobe da rana ki tuƙa tuwo mai laushi, ki fito da shi tsakar gida ki zaunar a kujera."

"Ba za ka je Makangon ba?"

"Ni kifi ne?"

Kashegari da azahar ina cikin ɗaki na ji ihun Hajiya ta kan bango: "Ticha! Ticha, ka zo, zai kashe shi!" Na zaga da gudu ba ko takalmi. Alhaji yana kan kujerar katako a inuwar ɗaki, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, ya karkace gefen dama saboda mataccen hannun yana jan kafaɗarsa ƙasa. Sumani yana durƙushe a gabansa da sabuwar igiyar huhun goro a wuya.

"Tsaya nan, Ticha, ka buɗe ido. Hajiya, in kika taɓa ni sai na haɗa da ke."

Ya ɗaga hannun daman yayansa, ya naɗe shi a kan cikinsa, ya zagaya igiyar a wuyan hannun, ya zagaya ƙugu, ya ƙulla. Alhaji ya kai masa duka da hagu a ka, hular ta faɗi, bai ko ɗago ba. Na lura kafin ya ja igiyar sai da ya sa tsumman goge sandarsa a ƙarƙashinta don kada ta ci fata. Kada wani ya ce mini tausayi ne. Mai sana'ar hannu ne, ba ya iya ƙulli mara kyau ko da maƙiyi zai ɗaure. Na kuma lura, da hannun ya daina lilo, Alhaji ya zauna daidai a karon farko tun dawowarsa daga Yendi.

Sumani ya jawo kwanon tuwo da ƙafa ya ajiye a kan ɗan tebur. Ya miƙe tsaye, ya gyara murya kamar mai karanta wasiƙa.

"Yanzu hannu ɗaya gare ka. Yunwa za ta koya maka sauran."

Hajiya ta toshe baki. Alhaji ya dubi igiyar, ya daɗe yana dubanta. Sai gefen bakinsa mai rai ya motsa, na ga murmushi ne.

"Sati... biyu," in ji shi.

"Me ka ce?"

"Baba... sati biyu ya ce. Zai tafi Kumasi... ya ce in ya yi sati biyu... in kwance ka. Ni na bari."

Sumani ya ɗan matso.

"Don me?" Muryar Sumani ta sauka ƙasa.

"Jifa. Da hagun nan... ba ka kuskure. Kurciya a kan rimi, mangwaro... Baba yana kiran mutane su gani. Ni ina ɗaukar huhu tun asuba... ba mai kallo na. Kuma ban yi nadama ba. Ko yau... aka ba ni igiya."

Sumani ya juyo gare ni, idanunsa suna ƙyalli. "Ka ji, Ticha? Hajiya, kin ji da kunnenki? Shekara arba'in da ɗaya! Na gaya muku, na gaya wa garin nan kaf, kuka ce Kudu ce ta taɓa mini kai. To ga shi daga bakin mai shi."

"Ban... gama ba, Bahago."

"Ka gama. Me ya rage maka?"

"Zuberu."

Na ga sunan ya same shi kamar an watsa masa ruwan sanyi a baya.

"Zuberu na Bawku," in ji Alhaji, yana jan kowace kalma a hankali, yana jin daɗinta. "Bara ya same ni... a Yendi. Ya ce in tambaye ka... lafiya? Sau uku yana aiko maka. Jaka guda... cikakkiya... ta hagu. Shekara shida tana rataye a shagonsa. Ba mai so... sai kai. Ba ka je ba."

"Ba ruwanka da..."

"Ni wata biyar... na ɗaure ka. Na amsa. Shekara bakwai ɗin nan... wa ya ɗaure ka?"

Na jira Sumani ya yi ashar, ko ya ɗauki kwanon ya kifa masa. Bai yi ba. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe ta a gwiwa, ya yi ta karkaɗewa bayan ƙurar ta fita. Sannan ya tura teburin har ya taɓa gwiwar yayansa.

"Ci," in ji shi.

Alhaji kuwa ya ci. Mutanen unguwa sun ce Sumani ne ya karya shi da igiya. Ba su nan, ni ina nan. Ba don an kayar da shi ya ci ba. Kwana goma ya ƙi sa hagu a kwano don kada ƙanensa ya ga ranar, yanzu kuwa ya soke shi inda ba ya warkewa, sai yunwa ta dawo masa kamar ta mai aikin gona. Ya zura hannun, yatsun suna karo da juna. Lomar farko ta faɗi a cinyarsa. Ta biyu ta daki kumatu, miya ta gangaro gemu.

"Kada ka kalli hannun, kalli kwanon," in ji Sumani, yana duban wani wuri can saman bango. "Sassauta yatsu, ba wuyan ɗan dako ka shaƙe ba. Ƙaramar loma. Kai ne za ka sunkuyo, ba ita za ta hau ba."

"Rufe mini... baki."

"Gwiwar hannu a jikinka. Haka. Ko jaki aka nuna wa sau uku ya iya."

Ta uku ta shiga. Hajiya ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka ba sauti. Alhaji ya cinye rabin malmala, ya sha ruwa da kofin da ya ɗaga da kansa, ya yi gyatsa mai ƙarfi da gangan. Har aka gama ba wanda ya dubi ɗan'uwansa a cikinsu. Da la'asar ɗin nan Sumani bai je fili ba.

Washegari rana ta ɗan ɗaga ina wanke fuska a ƙofar gida, Hajiya tana shara, sai ga shi ya ɓullo cikin zaure. Ya naɗe sandar a buhu, takalmin nan mai ƙusoshi yana rataye a wuyansa, an shafa masa mai. Shekararsa arba'in da takwas, shi ma ya san ba wata gasa da ke jiransa. Abin da ke jiransa rami goma sha takwas ne a wani fili a Kudu, da mutum a gefe riƙe da fensir yana ƙirga.

"Baba Ƙarami, ina zuwa da sassafe haka?"

"Igiyar nan kada ki kwance ta sai zai kwanta. Ki riƙa canza tsumman, in ya jiƙe yana cin fata. In ya zage ki ki ƙara masa tuwo."

"Na ji. Ina za ka?"

"Bawku."

Hajiya ta dogara da tsintsiya. "To Allah Ya kiyaye hanya. Allah Ya sa ka tarar da kayan suna nan."

Ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya gyara buhun a kafaɗarsa ta hagu, bai waiwayo ba.

"Ke dai ba ki iya addu'a ba, Hajiya," in ji shi. "Ki ce Allah Ya sa in tarar an sayar."